Lambar Dogo a Jikin Firij

Ranar da firijin kemis ɗin da Auta ke aiki ya mutu, ita kaɗai ce a shago. Ta buɗe shi don ta ɗauko wa wani dattijo allurarsa ta ciwon suga, sai ta ji ɗumi maimakon sanyi. Magungunan ciki ba sa jure zafi, ga mai kemis ɗin ya yi tafiya. Tana dube-dube ta hango wata lambar waya a gefen firijin, an rubuta da baƙin alƙalamin maka, a ƙasa an sa: Dogo mai gyara.

Bugu ɗaya aka ɗauka.

"Kada ki sake buɗe ƙofarsa. Ga ni nan."

Da zai shigo sai da ya sunkuyar da kai a bakin ƙofa. Lallai wanda ya raɗa masa sunan nan bai zalunce shi ba. Ya yi sallama, ya jawo firijin gaba, ya durƙusa a bayansa, Auta na haska masa da fitilar wayarta. Tasa wayar kuwa ba ta huta ba. Zai ɗauka ya maƙale ta a kafaɗa, ya ce wa wannan ya kashe soket, ya ce wa wancan yana tafe, hannunsa bai bar aiki ba.

"Kai kam ba ka hutawa ne?" ta tambaye shi.

"Firij ba ya hutu, Malama."

"To, wannan dai ya huta yau."

Ya yi dariya ya ɗago kai, idonsu ya haɗu. Ita ce ta fara kawar da nata, ta shiga gyara kwalayen da ba su ce a gyara su ba. Injin ya tashi da ɗan gurnaninsa, amma Dogo ya daɗe yana tattara kayan aikin da ba su taka kara sun karya ba.

Washegari saƙonsa ya shigo.

"Malama, yaya mara lafiyarmu? Yana sanyi kuwa?"

"Ya warke sarai. Likitan ne dai ban sani ba ko ya samu ya ci abinci."

Daga nan shi ke nan. Malama ta koma Auta, Auta ta koma Autata, shi kuma ya zama Dogona.

Dogo ma'aikaci ne a wani kamfanin gyaran firij da ɗakunan sanyi. Kamfanin na da lambar ofis, yana kuma ba kowane mai gyara sitika ya manna a jikin injin da ya taɓa. Dogo bai taɓa manna ko ɗaya ba. Tasa lambar yake rubutawa da hannunsa, a shagon kifi, a kemis, a gidan burodi, a ko'ina. Ya zo garin bai san kowa ba, iyayensa sun rasu, yayarsa na aure a nesa. Ɗakinsa na saman shagon wani tela, katifa ce da kujera da fanka mai ƙara. Idan ya dawo aiki babu mai ce masa sannu da zuwa, don haka duk sanda waya ta yi kuka sai ya ji kamar an ƙwanƙwasa masa ƙofa. Bai taɓa gaya wa kowa wannan ba, shi kansa ƙwazon aiki yake kiran abin.

Auta ta so shi tsakani da Allah, amma son nasa akwai zaman kaɗaici a ciki. Za su zauna a bencin da ke gaban kemis bayan ta tashi, ta fara magana, sai waya. Ya ɗaga mata yatsa alamar yanzu-yanzu, ya miƙe. Ta bi bayan babur ɗinsa da kallo, ta shanye lemonta, ta mayar wa mai shago na Dogo ba a buɗe ba. Can sai saƙo.

"Yi haƙuri, Autata. Ɗakin sanyin gidan burodi ne. Kina raina ko ina cikin inji."

"Na sani, Dogona. Allah Ya tsare. Amma ni ma ina so in riƙa ganin ƙarshen maganata."

"Hutuna na nan tafe. Duk naki ne, na yi alkawari."

Hutun ma Manajan kamfaninsu ne ya tilasta masa, don ya tara na shekaru bai ɗauka ba. Auta ta yi murna kamar ita aka ba. Ta gaya wa Mama da Baba cewa akwai wanda zai zo ya gaishe su.

Da hutun ya fara, ya zo da sabuwar riga fara, an sha guga. Aka shigar da shi falo. Baba, tsohon direban motar asibiti da ya yi ritaya, ya shiga tambayarsa asalinsa a hankali. Mama ta jera abinci a kan tebur da kanta. Auta na bayan labule.

Wayar ta fara kuka a aljihu. Ya danne ta. Ta sake. Ya danne. Da ta ƙi yin shiru ya saci kallon fuskarta, ya ga Hajiya mai kifi ce, wadda ɗakin sanyinta ke cike da kaya.

"Baba, a gafarce ni, bari in amsa a waje."

Suna jiyo muryarsa daga bakin ƙofa yana cewa a duba wannan, a danna wancan. Jim kaɗan ya leƙo, fuskarsa duk kunya.

"Yanzu zan dawo, ba nisa."

Bai dawo ba sai da rana ta yi sanyi, da baƙin mai a hannun sabuwar rigar. Abincin na nan a rufe inda aka ajiye shi. Baba ya amsa ban haƙurinsa da cewa ba komai, aiki ne. Mama ko fitowa ba ta yi ba.

Bayan ya tafi ta kira Auta ɗaki.

"Yaron nan yana da ladabi, ban ga aibunsa a fuska ba. Amma ba zan ba shi ke ba."

"Mama, yau ne kawai..."

"Kada ki gaya mini yau ne kawai. Na san irin mutumin nan, na aure shi. Babanku bai taɓa zagina ba, bai taɓa barina da yunwa ba. Amma ko hutu aka ba shi, da an aiko zai ɗauki makulli, ko da ba shi ne a bakin aiki ba. Ni kaɗai na yi jinyarku, ni kaɗai nake zuwa makarantarku, ni kaɗai nake cin abincin da na dafa wa mutum biyu. Kowa na yabonsa a gari, ni ina gida ina magana da bango. Ba zan kai ki inda na fito ba."

Auta ta san gaskiya ce. Ta tuna kujerar Baba da ta tashi tana gani babu kowa a kai.

Cikin kwanakin Mama ta fara maganar ɗan ƙawarta, wani malamin lissafi. Mutumin kirki ne, kafin la'asar ya tashi aiki, idan ɗalibai sun yi hutu shi ma ya yi. Ya zo da lemo a leda, ya zauna ya yi hira mai tsawo, wayarsa na kife ko motsi ba ta yi. Auta ta amsa masa da ladabi. Sai ga shi tana zaune da wanda ba ya tashi, amma kaɗaicin ya fi na benci.

Ta rubuta wa Dogo.

"Ban ce ka daina aiki ba, aikin ne ya haɗa mu. Amma hutu kake, gidanmu ka zo, iyayena ne a gabanka. Idan a ranar ma ban samu wuri ba, yaushe zan samu? Kada ka kira ni sai ka san amsa. Ina sonka, shi ya sa abin ya yi mini ciwo."

Dogo ya karanta a bakin katifarsa. Ya rubuta ban haƙuri ya goge, ya rubuta alkawari ya goge, don alkawari ya riga ya yi ya karya. Yana cikin haka waya ta yi kuka, mai gidan burodi ne. Ya kalle ta har ta katse, abin da bai taɓa yi ba.

Da safe ya tafi ofis. Manaja ya ɗago ya dube shi.

"Kai ba hutu na ba ka ba?"

Dogo ya zayyana masa komai. Manaja ya girgiza kai.

"Wa ya aike ka? Kamfani bai taɓa cewa ka raba lambarka ba. Ga abokin aikinka can yana hamma tun safe, babu mai kiransa, don ka kwashe masa mutane. Kai ka ƙi hutawa, shi ka hana shi koyo."

Abokin aikin nan Anjima ake ce masa, don duk abin da aka tambaye shi, amsarsa anjima. Ya iya aiki, nawa ce kawai ta yi masa yawa. Dogo ya kwashi sitikun ofis, ya nemi tsumma da ɗan fetur a gora, ya goya Anjima a bayan babur. Shago-shago suka bi. Ya goge lambarsa da hannun da ya rubuta ta, ya manna ta ofis, ya ce, "Ga wanda zai riƙa zuwa idan ba na nan. Idan an kira ofis za a turo wanda ke bakin aiki." Wasu suka ce to. Wasu suka ɓata rai kamar ya ƙwace musu wani abu. Kemis ɗin su Auta kaɗai ya tsallake, don ta ce kada ya neme ta.

Ita kuwa daga bayan kanta ta hango shi ya wuce, da jakar kayan aiki da mutum a baya, bai ko waiwayo ba. Ashe ma aiki ya koma. Ta shiga ɗakin ajiya ta rufe ƙofa ta yi kukanta, ta wanke fuska ta fito ta ci gaba da sallamar mutane. Da ta koma gida ta ce wa Mama za ta yi tunani a kan malamin lissafi.

Da Dogo ya gama zagayen, ya tura saƙo ɗaya ga duk masu nemansa: "Ina hutu. Idan firij ne, a kira lambar ofis da ke jikinsa. Idan na dawo za ku ji ni. Na gode."

Sai wayar ta yi tsit.

Kai, bai san shiru na da nauyi haka ba. Ya share ɗakin, ya wanke kayan da ba su yi datti ba, ya kwance fanka ya sa mata mai ta daina ƙara, sai ya yi da-na-sanin gyara ta. Ya riƙa ɗaukar waya yana dubawa ko caji ne ya ƙare. Lafiyarta ƙalau. Duk mutanen nan da ke kiransa dare da rana, babu wanda ya bugo ya ce Dogo yaya hutu. Bai ga laifinsu ba, firijinsu suke kira, ba shi ba. Mutum ɗaya ce ta taɓa tambayarsa ko ya ci abinci, ita ce kuma ya bari a kan benci. Ya sauka ya zauna wurin tela yana kallon keken ɗinki na tafiya, har telan ya tambaye shi ko korarsa aka yi.

Kira ɗaya ne ya shigo a kwanakin, na Hajiya mai kifi, wadda ta haddace lambarsa tun tuni.

"Dogo, ɗakin ya tsaya. Na kira ofishinku, mutumin naku ya ce anjima. Kayana za su lalace, ka taimake ni don Allah."

Kafin ta rufe baki ya riga ya miƙe, makullin babur na hannunsa. Ya tsaya a tsakiyar ɗaki. Ya san idan ya fita yau, gobe ma zai fita.

"Hajiya, ki rufe ƙofar kada kowa ya buɗe. Zan kira Manaja yanzu ya taso shi. Amma ni ba zan zo ba, ina hutu."

Ta faɗa masa maganganu masu zafi ta kashe. Ya kira Manaja, aka taso Anjima, amma kafin ya isa kwalayen kifin da ke bakin ƙofa sun lalace. Manaja ya wanke Anjima tas, kamfani ya ɗauki asarar. Dogo ya wuni ransa a jagule, abinci ma ya gagare shi. Bai gaya wa Auta ba, don bai ga abin alfahari a ciki ba.

To, Mama a wurin Hajiyar nan take sayen kifi. Ta je ranar wata Asabar ta tarar da ita tana ta sababi, duk wanda ya tsaya sai ya ji.

"Yaron da ko cikin ruwan sama ka kira shi zai zo. Ya bi gari yana goge lambarsa kamar mai gudun bashi. Na yi masa magiya, wai yana hutu. An ce wata yarinya ce mai aikin kemis ta juya masa kai. Ni dai ban san me uwarta ta ba shi ba."

Mama ta karɓi ledarta ta ce, "Allah Ya mayar da alheri," ta juyo.

A gida ta ba Baba labari tana gyaran kifin, ba ta ɗago ba. Baba ya dube ta.

"Ya ji ana kuka a waya ya zauna?" ya tambaya.

"Ya tura wani."

"Ni ban taɓa iya wannan ba," in ji Baba a hankali. "Gani nake idan ban je ba babu mai zuwa. Alhali akwai."

Mama ta ci gaba da aikinta, sai dai wuƙar ta tsaya a hannunta na ɗan lokaci. Ta ƙwala wa Auta kira.

"Ba ni lambar dogon nan naki."

Dogo na kwance yana kallon silin waya ta yi kuka. Baƙuwar lamba. Ya ɗauka a gajiye.

"Salamu alaikum. Idan firij ne, don Allah a kira..."

"Firijinmu lafiyarsa ƙalau. Mamar Auta ce."

Ya diro daga katifa ya durƙusa a ƙasa, kamar tana ganinsa.

"Ina wuni, Mama."

"Lafiya. Na ji abin da ka yi. Amma hutu ƙarewa yake. Bayansa fa?"

"Mun raba kwanaki da abokin aikina, Mama. Akwai ranakun da dole in amsa kira, ba zan yi miki ƙarya ba. Waɗannan Auta za ta san su tun kafin su zo. Sauran nata ne. Lambata kuma ta zama ta gida."

"Ba ka ji ciwon kifin matar nan ba?"

"Na ji, Mama. Har yanzu ina ji."

"Gara da ka ji. Da ka ce ba ka ji ba, da na kashe wayata. Ka zo gobe, Babansu na son ganinka."

Bai gama dawowa hayyacinsa ba saƙon Auta ya shigo.

"Dogona, na gan ka da jaka na ɗauka aiki ka koma. Na yi maka mummunan zato, ka yafe mini. Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Na gaji da ba ki magana, Autata. So nake ki gani. Kwanakin nan na zauna ni kaɗai na gane irin zaman da na riƙa sa ki. Ke za ki yafe mini."

"Na yafe. Ka ci abinci?"

Dogo ya kifa wayar a ƙirjinsa, hawaye suka zubo masa, ƙato da shi.

Malamin lissafi ya karɓi maganar da mutunci, ya ce dama ya lura hankalinta ba ya wurinsa, ya yi musu fatan alheri. Yayar Dogo ta zo da mijinta da kawunsu, aka yi magana, aka sa rana. Ranar ɗaurin aure Anjima ya ba kowa mamaki, shi ya riga kowa zuwa. Hajiya mai kifi ma ta zo, tana cewa ita fa ba ta huce ba, ta zo ne kawai ta ga yarinyar. Da ta gan ta sai ta ce, to, ba laifi.

Da za a tafi da amarya, Mama ta sa aka kira mata ango. Ya durƙusa a gabanta.

"Ban ce ka tara mata duniya ba," ta ce. "Ka zauna da ita kawai. Allah Ya yi muku albarka, Ya sa ku tsufa kuna ganin juna."

Baba na gefe ya ce amin, ya maimaita, idonsa a kan matarsa.

Manaja ya ƙara masa hutun aure. Wata ranar da hantsi suna zaune a sabon falonsu, kwalaye ba a gama buɗewa ba, labule ɗaya ne a rataye. Auta ta jingina da kafaɗarsa tana ba shi labarin wata malamarsu ta firamare da ta taɓa kama ta tana barci a aji. Labari ne da ba shi da kai ba shi da gindi, ta bi nan ta bi can, yana dariya yana tambayarta sai me ya faru. Can sai ta yi shiru.

"Lafiya, Autata?"

"Ban san yadda zan ƙarasa ba," ta ce, tana dariya idonta ya ciko. "Ban taɓa kawowa nan da kai ba."

Ya gyara zama ya miƙe dogayen ƙafafunsa.

"Yi a hankali. Babu inda za ni."

Allah Ya bar su tare, Ya ba su zuriya ta gari, Ya sa gidansu ya zama wurin hutawarsu.